Muryar da Na Hana

Shekara uku na yi ina aiki a gidan wata tsohuwar mawaƙiya a unguwar Irving Park da ke garin Greensboro na Amurka, kuma ranar da kamfanin da ke tura mu kula da tsofaffi ya ba ni adireshin, ban san ko wace ce ba. Abin da aka rubuta mini a takarda shi ne ta haura tamanin, tana da hawan jini da ciwon gwiwa, kuma ba ta son a taɓa mata faya-fayanta. Na ce a raina ina ruwana da faifai, ni da aka turo wanka da ba da magani. Sai da na koma gida na ambaci sunanta muna cin abinci, 'yata da ke ajin ƙarshe na sakandare ta ajiye cokali ta zaro ido. Da Turanci ta yi maganar, don Hausarta ba ta fitowa sai tana neman wani abu a wurina.

"Mama, kin san wadda kike yi wa wanka kuwa?"

Ta ciro waya ta nuna mini wata mace doguwa, baƙa, sanye da riga mai ƙyalli, ta rufe ido tana rera waƙa a gaban dubban mutane. Na duba da kyau. Hancin nan ne, da bakin nan da ya yi mini tsawa da safe don na sa mata safa a bai-bai.

Mama nake kiranta, kamar yadda za mu kira kowace tsohuwa a gida. Da farko ta ce ita ba ta haifi kowa ba, kada in ɗora mata. Na ce to ni bakina ba zai iya kiran sunan sa'ar uwata gatsau ba, sai dai ta yi haƙuri. Ta harare ni ta saman tabarau, daga nan ba ta sake hana ni ba.

Labarin rayuwarta ban same shi a jere ba. A gutsure nake samunsa, wani ina shafa mata mai a ƙafa, wani ina tsefe mata kai. A nan Greensboro aka haife ta, ubanta ma'aikacin masaƙa ne kuma dattijo a cocinsu, uwarta kuwa kuku ce a ɗaya daga cikin manyan gidajen Irving Park ɗin nan, a zamanin da baƙar fata ba ya shiga unguwar sai ta ƙofar baya. A coci ta fara waƙa tana yarinya. Da ta girma ta hau jirgin ƙasa ta tafi New York, ta shiga waƙar jaz da ta sol a gidajen rawa, ta yi waƙa a otal-otal ɗin da ba su yarda ta kwana a cikinsu ba, ta ƙetare teku ta yi shekaru a Turai inda aka ɗauke ta kamar sarauniya. Da ƙarfi ya fara ƙarewa ta dawo ta sayi gida layi biyu daga inda uwarta ta yi girki. Ta ce mini da gangan ta yi, kuma ƙofar gaban gidan ce kaɗai abin da ta sa aka sake wa fenti.

A falonta akwai kanta guda, daga ƙasa har sama, cike da faya-fayai. Kowane zamani na muryarta yana nan a ajiye. Idan ta tashi da nishaɗi sai ta ce, "Ɗauko mini ni ina 'yar shekara ashirin da biyar." In ɗauko da hannu biyu, in ɗora yadda ta koya mini, sai budurwar ta cika gidan, tsohuwar kuma tana zaune a kujera tana gyara mata da yatsa, tana cewa a nan ta yi gaggawa, a nan kuma mai ganga ne ya cuce ta. Ba duk kalmomin nake kamawa ba, amma na san mai jan numfashi daga cikin ciki idan na ji ta. Na san sautin nan tun ina goye.

Uwata zabiya ce. Yau ina rubuta shi da sauƙi, amma na yi sama da shekara ashirin ban faɗe shi da bakina ba. A Funtuwa, lokacin da nake yarinya, ba a kai amarya a unguwarmu da unguwanni uku na kewaye sai an aiko wa Inna da goro. Tana da mata huɗu masu kiɗan ƙwarya, ita ce mai bakin. Idan ta rangaɗa guɗa a bakin zaure, mai shago a bakin titi ya san an iso da amarya. Da waƙar nan ta ciyar da mu bayan rasuwar babanmu, da ita ta saya mini takalmin makaranta. A makarantar kuma aka koya mini cewa abin kunya ne. 'Yar maroƙiya, haka yara suke ce mini, ni kuma in dawo gida in huce a kan Inna, in ƙi cin abincin da ta kawo daga gidan biki.

Ni ce auta, da Auta take kirana har ta bar duniya. A bikin yayarmu ta fari ba ta ko fito tsakar gida ba saboda kunyar ɗan fari, sauran biyun kuma maza ne. Don haka bikina take jira, a nan ne babu wata kunya da za ta riƙe ta. Matanta sun faɗa mini ta daɗe da shirya waƙata, tana rera ta ƙasa-ƙasa idan tana tankaɗe. To mijina ɗan gidan malamai ne, ni na gan shi na ce ina so, kuma na ga yadda gwaggwanninsa suka kalli juna da aka faɗi sana'ar Inna. Saura kwana uku biki na same ta a ɗaki tana jera ƙore, na ce, "Inna, don Allah kada ki yi waƙa a bikin nan. Ko guɗa kada ki yi." Ta dube ni, ta ce, "To, Auta." Ranar da aka fito da ni, wata maƙwabciya ce ta yi guɗar, siririya kamar ta kaza, Inna kuwa tana ƙuryar ɗaki.

Da muka zo Amurka na kama aiki, sai na ƙarasa abin da na fara. Na ce mata ta huta haka nan, ta girma, ni zan ɗauki nauyin gidan. Na kira shi hutu, ita ma ta taya ni kiransa hutu. Ƙoren nan suka koma mazubin tsaba. A nan Greensboro kuwa, idan matanmu suka haɗu a gidan suna ko a shagon kayan miya na titin Gate City Boulevard aka tambayi asali, sai in ce Inna man gyaɗa take sayarwa. Abin da 'yata ma ta sani ke nan game da kakarta.

Ruwan zafi ne ya tona mini asiri. Wata safiya cikin sanyi Mama ta tashi murya a dishe, ranta a ɓace, don ko ba ta fita waƙa ba ta yarda muryarta ta kwana a rufe ba. Ban tambaye ta ba na shiga kicin, na daka citta da kanumfari, na tafasa, na bari ya huce har ya zama ɗumi, na sa zuma. Na kawo da tawul, na ce ta fara shaƙar tururin kafin ta sha, kuma kada ta yi magana sai rana ta ɗaga. Na ɗauke ruwan sanyin da ke gefen gadonta, na naɗa mata gyale a wuya. Ta yi duk abin da na ce tana bina da ido. Da azahar ta yi, murya ta buɗe, ta kira ni.

"Zo nan. Wa ke waƙa a gidanku?"

Na ce babu kowa.

"Ƙarya kike. Nas-nas nawa suka shigo gidan nan, duk ƙwayar tsotsa suke miƙo mini. Wanda ya san a ɗauke ruwan sanyi, ya san a yi shiru har rana ta ɗaga, a gidan mawaƙi ya tashi."

Ban san abin da ya sa na faɗa mata ba. Wataƙila don ba Bahaushiya ba ce, ba ta da wanda za ta kai wa. Na zauna a bakin gado na faɗa mata duka, har da ƙoren, har da ranar bikin. Na ɗauka za ta ce ƙuruciya ce, ya wuce. Sai na ga fuskarta ta haɗe. Ta ce ubanta bai taɓa zuwa ya ji ta ba, ko sau ɗaya, wai waƙar gidan rawa waƙar shaiɗan ce. Ta aika masa da tikiti, ta aika da mota, ta aika da faifai, bayan ya mutu ta tarar da faya-fayan a ƙarƙashin gadonsa ko ledar ba a ɓare ba. Ta ce duk taron da ta tsaya a gabansa, kujera ɗaya take nema da ido.

"Ni ubana ne ya yi mini, na ce tsoho ne, zamaninsa ke nan. Ke kuwa 'yarta ce. Fita ki ba ni wuri."

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai ta ce miƙo, ɗauke. Ni ma na yi fushi, na ce a raina ji tsohuwa da shiga sharo ba shanu, me ta sani game da gorin gidan miji. A rana ta uku ina goge kantar faya-fayan, ta ce daga bayana, "Nawa kike da su na uwarki?" Na tsaya da tsumma a hannu. Babu ko ɗaya. A zamanin da Inna take tashe babu mai ɗaukar zabiyar unguwa a kaset, da waya mai ɗauka ta zo kuma na riga na rufe mata baki. Na tsaya a gaban shekara sittin na muryar wata mata, a jere, a goge, na nemi muryar uwata a kaina, na tarar har ta fara dushewa. Ina tuna yadda take ɗaga haɓa, amma sautin ba ya zuwa.

A ranar na kira gida daga cikin mota, kafin in tayar da ita. Bayan gaisuwa da tambayar jika, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Inna, waƙar nan da kika shirya mini ta biki, ki ɗan rera mini mana, a ɗauka a waya."

"Wace waƙa?"

"Wadda kika shirya."

"Na manta ta, Auta. Kin ce in huta, na huta."

Babu faɗa a muryarta, shi ya fi ci mini rai. Na sake gwadawa bayan sati biyu, na sa matar yayana ta lallaɓe ta, na aika da turare da atamfa. Ta karɓa ta sa albarka, ta ce ita yanzu bakinta na istigfari ne. Matar yayana ta ce mini ko a gidan biki aka matsa mata ta yi guɗa, sai ta ce haƙoranta sun zube. Na gane cewa abin da na hana da kalma ɗaya ba zai dawo da atamfa ba. Na riƙa zama a falon Mama ina jin budurwar faifai tana cika gida, ni kuwa hankalina yana wani zaure a Funtuwa, ina jiran wata murya da ba ta zuwa. Kewar mutumin da yake raye, kana jin muryarsa duk Juma'a a waya, wata irin kewa ce da ban san akwai ta ba.

A bazarar shekarata ta biyu a gidan, cocin da ta fara waƙa a cikinsa ya shirya taron karrama ta, ranar Lahadi da la'asar, a babban ɗakin taron da ke jikin cocin. Ta ce ni zan tura kekenta na guragu, ba ta son 'yar ɗan'uwanta da ke zaune a unguwar Sedgefield ta tura, wai tana tuƙa keke kamar mai gudun haraji. 'Yata ta nace sai ta bi mu. Tun da safe Mama ba ta yi magana ba, da hannu take nuna abin da take so, ni kuma ina ta kai ruwan citta.

Ɗakin ya cika, yawanci tsofaffi, mata da manyan huluna. Aka yi jawabai har na fara gyangyaɗi. Daga ƙarshe na tura ta gaban mai fiyano, na koma gefe na tsaya da mayafina. Ba a sa ran za ta yi waƙa ba, an ce dai za ta yi godiya. Sai ta ɗaga wa mai fiyano yatsa.

Muryar ba ta faifai ba ce. Ta yi ƙasa, ta yi kaushi, tana tsayawa ta nemi numfashi a inda budurwar take wucewa a guje. Amma ta san inda za ta ajiye kowace kalma, kuma a hankali ta ja ɗakin nan gaba ɗaya ta riƙe shi a tafin hannunta. Ta rufe ido, ta ɗaga haɓa. Ɗaga haɓar nan ce ta gama da ni, don haka Inna take yi idan ta zo ƙarshen baiti. Ta sauke waƙar a hankali har ta zama kamar raɗa, ta ƙare. Su a al'adarsu, idan waƙa irin wannan ta ƙare, sukan ɗan yi tsit, a bar sautin ya gama sauka kafin a tafa. Ni ban san da wannan ba. A inda na tashi, idan zabiya ta kai ƙarshen baiti ta yi abin kirki, ba a barinta cikin shiru.

Ban yi shawara da kaina ba. Sai na ji yatsuna a kan hancina, na ji abu ya taso daga cikina, na rangaɗa guɗa a tsakiyar shirun nan. Ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

Wata tsohuwa a layin gaba ta dafe ƙirji. Wani dattijo mai kula da ƙofa ya taho da sauri yana tambaya wa ya faɗi, wani kuma ya ɗaga kai yana duban na'urar gobara. 'Yar ɗan'uwan ta juyo ta yi mini wani kallo da har yau ina jinsa a wuyana. Na so ƙasa ta tsage. Sai na ji dariya a lasifika, Mama ce, tana dariya har tana tari. Ta jawo makirfo ta ce, "Ku kwantar da hankalinku, babu wanda ya mutu. Wannan 'yata ce. Uwarta mawaƙiya ce a Najeriya, babbar mawaƙiya, haka suke yi idan waƙa ta yi daɗi. Shekara sittin ina waƙa ba a taɓa yi mini ba." Sannan aka tafa, rabi nata, rabi nawa, ina tsaye hawaye yana zuba a mayafi.

Muka sauke Mama, muka hau titin Gate City Boulevard, daga ni sai 'yata a mota. Sannan ta ce, da Hausa wannan karon, "Mama, Kaka singa ce? Ba kin ce mai take sayarwa ba?" Na ce zabiya ake cewa, kuma ƙarya na yi mata. Ta ce ta ɗauki komai a waya, tun daga waƙar har ihun da na yi. Na ce ba ihu ba ne, guɗa ce. Kafin mu isa gida, ba tare da ta tambaye ni ba, ta tura wa matar yayana, ta rubuta a nuna wa Kaka.

Washegari ina cikin haɗa wa Mama karin kumallo saƙon murya ya shigo. Na ga daga wayar matar yayana ne, na ɗauka tsiya za ta yi mini. Na danna, sai na ji Inna, kusa da wayar sosai, tana numfashi.

"Auta. An nuna mini abin da kika yi a gaban Turawa. Wannan ce guɗa? Wa ya koya miki? Kin matse hanci kamar mai jin wari, kin ɗauko ta daga maƙogwaro, kuma kin yanke ta kamar an biyo ki. A gaban mutane, a ce 'yata ce. Ba haka ake yi ba. Saurara."

Sai ta yi. Ta fara a ƙasa, ta hau, ta karkaɗa ta a sama, ta riƙe, ta riƙe, sannan ta sauke ta a hankali har ƙasa. Muryar ta tsufa, ta ɗan fashe a tsakiya, amma ita ce, wadda mai shago yake ji daga bakin titi. A bayanta ina jin matan gidan sun ɗauki shewa, wata tana salati. Sai Inna ta ce, "Haka ake yi," saƙon ya ƙare.

Na zauna a ƙasan kicin ɗin, burodi yana ƙonewa. Mama ta turo kekenta da kanta har bakin ƙofa ta ce me ya faru. Na danna mata saƙon. Ta saurara ido a rufe, ta ce in sake. Na sake har sau huɗu. Ta ce, "Ji inda ta ja numfashi. Wannan ta san aiki." Sannan ta ce in tashi in kashe abin gasa burodin kafin in ƙona mata gida.

Waƙar bikina ban taɓa jin ta ba. Na sake roƙo sau ɗaya, ta ce da gaske ta manta, kuma na yarda, ko ban yarda ba babu yadda zan yi. Inna ta rasu da damina ta gaba, ban samu zuwa ba sai bayan arba'in. Mama ta bi ta bayan shekara guda, aka kwashe faya-fayanta aka kai wani ɗakin adana kayan tarihi, aka sa gidan a kasuwa. Wanda duk yake son jin ta yana iya ji, tana 'yar ashirin da biyar ko tana 'yar sittin, duk wadda ya zaɓa.

Ni abin da nake da shi bai kai minti ɗaya ba, kuma fiye da rabinsa faɗa ne. Na ajiye shi a waya, 'yata ta ajiye shi a wurare uku don kada ya ɓata. Wani lokaci idan na tashi daga aiki, a gidan wata tsohuwar daban yanzu, nakan tsaya a filin ajiye motoci na shagon kayan miya, in ɗaga gilashi, in kunna. Ba na tsallake faɗan, daga farko nake ji, tun daga inda ta ce Auta.

Bara aka yi bikin 'yata a wani ɗakin taro a nan garin. Tun saura wata uku take tuna mini, wai kada in sake in ba wata guɗar nan, ni take so. Na yi ta gwaji a mota, ina kunna Inna ina bi. Ranar da aka fito da ita na tsaya a bakin ƙofa, na sassauta yatsuna a kan hanci, na ɗauko ta daga ciki, na riƙe iyakar ƙarfina. Matanmu suka ce ta yi, har wata Hajiya 'yar Katsina ta tambaye ni a ina na koya. Na ce uwata zabiya ce, a Funtuwa.

Ni dai na san na yanke ta da wuri. Da na koma gida na cire ɗankwali, sai na ga na ɗauki waya ina dubawa, ko saƙo ya shigo.